Bangon da Tanimu Ya Ƙi Shafewa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari, tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa. Sunansa Tanimu, sana'arsa gyaran ɗaki. Idan magina suka gama, shi ke shiga ya yi shafe, ya yi zane, ya ce ga inda taga za ta zauna, ga inda za a sa gado. A hannun kawunsa ya koya. Tanimu kuwa a ɗaki marar taga ya tashi, inda hayaƙi da danshi suka kama ƙirjin mahaifiyarsa har ta rasu. Shi ya sa in an kira shi aiki ba ya fara maganar ado. Sai ya dafa bango da tafin hannu, ya shaƙi iskar ɗakin, ya duba ta ina rana ke shigowa.

To, ku saurara. Wani attajiri, Alhaji Sambo, ya samu labarin mahaifiyarsa tana hanyar dawowa daga aikin Hajji. Ya kira Tanimu ya ce, "Ɗakin Hajiya nake so a ƙawata kafin ta iso. A sa farar ƙasa, a sa shuni, a jera tasoshi."

Tanimu ya dafa bango, ya ji sanyi. Ya zagaya baya, ya ga indararo a gindin ginin yake zuba. Ya dawo ya ce, "Alhaji, bangon nan ya sha ruwa. Sai an kankare shi, an gyara indararo, an fasa taga, an bar shi ya bushe. Sannan ado."

"Babu lokaci. Kai dai shafe, wa zai gani?"

"Ba wanda zai gani, Alhaji. Amma tsohuwa za ta shaƙa."

Alhaji ya lallashe shi, ya ƙi. Ya yi masa faɗa, ya ƙi. Sai ya sallame shi, ya kawo wani mai shafe, aka rufe bangon. Ɗaki ya yi kyau, har kallo ake zuwa. Alhaji kuma duk majalisar da ya zauna sai ya ce Tanimu girman kai gare shi. Aiki ya ɗauke. Tanimu ya koma yin tubali a bakin kududdufi don iyalinsa su ci abinci. Bai rama ba. Ku lura, jama'a, bai rama ba.

Hajiya ta iso, damina ta sauka. Shafen ya kumbura, fumfuna ta fito a bayan gado, tsohuwa ta kama tari har magana na yi mata wuya. Wata safiya sai ga Alhaji a bakin kududdufi. Ya yi sallama, ya tsaya. Tanimu ya wanke hannu ya ce, "Yaya jikin Hajiya? Mu je."

Da suka isa, Tanimu ya ce a mai da ita ɗakin da rana ke shiga. Alhaji ya rantse sai ya kai wancan mai shafen gaban alƙali. Tanimu ya ce, "Abin da aka sa shi ya yi, Alhaji, shi ma yana da iyali. A kira mini shi mu yi aikin tare." Tare suka kankare, tare suka jira bango ya bushe, tare suka shafe. Tarin bai rabu da Hajiya gaba ɗaya ba, amma ta samu sauƙi, kuma a ɗakin nan ta ga tattaɓa-kunnenta.

To jama'a, abu biyu ne. Aikin da aka ba ka amana ne, ko birkila ne kai, ko tela, ko makanike. Kada ka rufe ɓarna don mai aiki yana sauri, domin akwai wanda zai cutu da ita, kuma za a tambaye ka. Na biyu, ranar da gaskiyarka ta fito, kada ka tsaya gori. Tashi ka taimaka. Kowa a cikinmu ya san aikin da ya rufe a makon nan. In an tashi daga nan, a koma a gyara.