Turken da Masunci Bai Goge Ba

Akwai wani masunci da ya bar tafkin garinsu ya kawo bandar kifi birni. Bai gama sayarwa ba annoba ta faɗo, aka rufe hanyoyi. Sai tari da zazzaɓi suka kama shi. Aka keɓe shi a wani ɗaki a gidan yayarsa, tana ajiye masa tuwo a bakin ƙofa ta ja da baya.

Mutumin da ya saba ganin ruwa iyakar idonsa, yau ga shi ba abin kallo sai bango. Ya roƙi gawayi da bular wanki, ya zana tafkinsu a bangon: ruwa cike, ga bado, ga kwalekwalensa, ga turken da yake ɗaure shi a bakin gaɓa.

Amma kullum sai motar ɗaukar gawa ta bi ta bayan gidan. Duk sa'ad da ya ji kuka a maƙwabta, sai ya jiƙa tsumma ya goge gefen ruwan, ya ce, "Haka kwanana ke ƙarewa." Yau ya goge, gobe ya goge. Bado ya tafi, kwalekwale ya tafi, tafki ya koma kamar faifai. Ya daina taɓa tuwon. Ya kwanta yana sauraron ƙirjinsa, yana jiran ranar da motar za ta tsaya a ƙofarsu.

Ran nan yayarsa ta leƙo ta taga, ta ce, "Kai, sarkin ruwa! Ƙudaje nake tuƙa wa tuwo?"

Ya ce, "Yaya, ƙyale ni. Ba ki ga ruwan ya ƙare ba?"

Ta ce, "Na gani. To wancan sandan da ke tsaye shi kaɗai a kan busasshiyar ƙasa fa? Goge shi mana, ka huta gaba ɗaya."

Ya ɗago a fusace, yana tari. "Sanda? Turke ne fa! Lallai birni ya cinye ki. Wa kika taɓa gani ya tuge turkensa don rani ya yi? Nan ruwan yake dawowa!"

Ta ce, "Au, ashe dawowa yake yi?"

Sai ya daɗe yana kallon bangon. Can ya ce, "Miƙo mini bular. Da tuwon, in ƙudajen sun rage."

Ga ma'anar misalin nan, ku buɗe kunne, har da ku na bencin baya. Tafkin, zuciyar mutum ce. Tsumman kuwa tsoro ne. Wasunku da hannunku kuke gogewa: kun ji labarin mutuwa a rediyo, kun goge addu'a, wayarku ta yi ƙara, gabanku ya faɗi, kun goge waƙa. Cutar ba ta ƙaraso ba, kun riga kun haƙa wa kanku kabari!

Turken nan alkawarin Ubangiji ne, cewa ba zai yashe mu ba. A lokacin rani yakan yi kama da sandan banza, nesa da ruwa. Ban ce muku masuncin ya warke ran nan ba. Tarin na nan, motar ma ba ta daina wucewa ba. Ni kaina in na ji ta, tsoro nake ji. Amma masuncin ya tashi ya ci tuwo.

Ɗan'uwa, ruwanka ya ja baya, na yarda. Ajiye tsumman nan. Kada ka taɓa turken.