Maƙwabcin Rijiya

An ce wani sarki, ba a can zamanin da ba, a wannan zamani namu na waya, ya buɗe shafi a intanet domin talakawa su rubuto masa kukansu. Masu rubutu suka yi yawa, akasarinsu da sunan aro.

A garin akwai wani tsoho mai haƙar kabari, Malam Gwadabe. A damina ɗaya ya binne yara shida daga unguwarsu, ta shidan jikarsa ce, Tasalla. Ya lura duk rijiya ɗaya suke sha, wadda ruwan majemar surukin Waziri ke tsiyaya cikinta. Ya ji tsoron ambaton sunansa, sai ya rubuta labarin a shafin sarki, ya kira kansa Maƙwabcin Rijiya.

Waziri ya ce ƙazafi ne. Ya shawo kan sarki aka yi doka, kowa ya rubuta da sunansa na yanka da hotonsa, aka kuma baza dogarai neman marubucin. Daga ranar shafi ya koma yabo zalla, rijiya kuwa ana ta sha.

Da Gwadabe ya binne yaro na bakwai, ya wanke hannu, ya cika gora da ruwan rijiyar, ya nufi fada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ya san wanda ake nema.

Sarki ya ce, "Faɗi sunansa, baba."

"Ya sarki, zan faɗa, amma a yi mini izinin tambaya. In wani ya yi ihun gobara daga bayan katanga, me ake fara nema, sunansa ko ruwa?"

Sarki ya yi murmushi. "Ruwa. To in ihun ƙarya ne, jama'a suka tattake juna, wa zan hukunta? Wanda ya ɓoye sunansa ba ya tsoron ƙarya."

"Gaskiyarka, ya sarki, maƙaryata na ɓuya a nan. Shi ya sa ake aika wani ya dubo hayaƙi. Mutum nawa aka aika neman suna?"

"Arba'in."

"Nawa aka aika rijiya?"

Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya dubi ƙasa.

Gwadabe ya zuba ruwan a ƙoƙo. Ga shi kore-kore, yana warin fata. Sarki ya ce, "Waziri, kai ka ce ƙazafi ne. Bismilla."

"Allah ya ba ka nasara, azumi nake."

"Yau Talata, ga kuma goro a bakinka."

Sarki ya karɓi ƙoƙon da kansa, ya kurɓa, ya tofar. Sannan ya ce, "Wane ne Maƙwabcin Rijiya?"

Tsoho ya ɗaga kai. "Ni ne. Sunana Gwadabe. Da hannuna na rufe jikata."

Dogarai suka yunƙura, sarki ya ɗaga musu hannu. Ya sauko daga karaga, ya zauna a tabarma kusa da tsohon, ya yi masa ta'aziyya, ya tambayi sunayen yaran nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Nan take ya sa a rufe rijiyar da majemar, a kai wa unguwar ruwa daga gidansa har a haƙa sabuwa. Waziri ya koma gida ba rawani.

Sarki ya janye dokar, ya ce duk kukan da ya zo, da suna ko babu, a fara zuwa a duba. In ƙarya ce a goge. Sannan ya ce wa fadawa, "Ba tsohon nan ne ya ɓoye sunansa ba, tsorona ne ya ɓoye shi. Adalci shi ne talaka ya faɗi gaskiya da sunansa, ya kuma koma gidansa lafiya."