Soro Mai Ƙofa Ɗaya

An ce wani sarki a wata ƙasa mai nisa ya sa aka gina masa soro mai faɗi ƙwarai, amma da ƙofa ɗaya tak, gajera, don duk mai shiga ya sunkuya masa.

Wanda ya gina shi wani tsohon magini ne, Kwasau. Tun yana saurayi gobara ta ci kasuwar garinsu. Har ya tsufa, in ya lumshe ido yakan ga mutanen da wutar ta ci sun taru a bakin ƙofar kasuwar guda ɗaya, shiru, kamar masu jiran kwalekwale.

Da aiki ya ƙare, sarki ya ce, “Ya magini, me ya rage?”

Kwasau ya ce, “Ya sarki, soron nan ya san shiga, bai san fita ba.”

“Ginin ƙasa ne, azara ma ka lulluɓe ta da laka. Me wuta za ta ci?”

“Shimfiɗu da labule, ranka ya daɗe. Hayaƙinsu ya isa.”

Sarki ya ce, “Nuna mini. In ka kasa, ka bar ƙasata, kai da gidanka.”

Da hantsi aka cika soron da fadawa da talakawa, sarki na can ƙurya bisa karaga. Kwasau ya kunna ɗanyar ciyawa a kasko. Hayaƙi ya tashi a hankali, fari, yana yawo ƙarƙashin rufi kamar gajimare, sannan ya sauko. Fuskoki suka ɓace. Mutane suka yi ta sunkuyawa suna fita ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tuna da sarki. Shi ne ya fito a ƙarshe, da rarrafe, rawani a hannu.

Da tari ya sake shi, ya ce, “Buɗe mini wata ƙofa a ɓoye, bayan karaga.”

Kwasau ya ce, “Zan iya, ya sarki. Sai dai ƙofar da kai kaɗai ka sani, bango ce ga sauran.”

Sarki ya daɗe yana duban talakawansa, suna zaune a ƙasa suna share hawaye. Can ya ce, “Ka fasa ƙofofi huɗu, dogaye, masu buɗewa waje. Ka ci gaba da zama a gidanka, dattijo. Yau na gane ba a auna adalcin sarki da yawan masu shigo masa, sai da hanyar tsira da ya bar musu.”