Katangar da Ke Hawaye

An yi wani sarki a Tudun Gamji wanda bai yarda da kowa ba, kuma da dalili. Bayan gidansa gangare ne, kabarin mahaifiyarsa na bisa, sau biyu ana gina katangar da za ta tare ƙasar, sau biyu damina na rushe ta, har ruwa ya kusa cin kabarin. Sai ya kira Waziri Makau ya ce, "Zaɓa mini abin gini da abin shinge kafin ruwan fari. In ta sake faɗuwa, na san da hannunka."

Sarkin Magina ya kawo tubali da makuba, ya ce zai shafe ta sumul kamar ƙwai, a kafa busassun itace a bisa. Wani tsoho kuwa, Jatau, mai noma a kan duwatsu, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dutse za a jera, a bar ramuka, kada a shafe. Shinge kuma ɗanyen aduruku, gara ba ta cin mai rai."

Sarki ya zuba masa ido. "Ramuka a bayan gidana? Idon wa kake buɗe wa hanya? Wa ya aiko ka?" Ya sa aka tsare shi.

Waziri ma bai saki jiki da tsohon ba. Amma da ya zagaya baya shi kaɗai, sai ya ga tsohuwar katangar ba narkewa ta yi ba, ciki ta yi ta kife, shafenta ko tsagewa bai yi sosai ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya koma ya ce, "Ranka ya daɗe, zato zunubi. A ba kowannensu kamu huɗu na gangaren ya gina, ruwa ya yi mana alƙalanci."

Sarki ya yarda, aka fito da Jatau cikin tsaro ya jera tasa katangar, Sarkin Magina ya gina tasa. Da ginin ya bushe, mata suka yi ta juye tuluna a bayansa tun hantsi. Katangar Jatau ta soma tsiyaya ta ramukan, fadawa na dariya, "Ga ta malam tana kuka!" Ta tubali ko ɗigo babu. Can wajen la'asar ta kumbura, ta yi ƙara, ta zube gaban Sarkin Magina.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, leƙa ramin katangar Jatau." Sarki ya sunkuya, bai ga komai ba sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya miƙe da kunya, ya sa aka saki Jatau, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa, ya damƙa masa aikin.

Kabarin na nan, adurukun ya yi inuwa. Masu hikima suka ce, mulki kamar katanga ne: wanda ya bar wa talaka kafar kuka ya dawwama, wanda ya toshe ta, ranar da ya cika sai ya kife.