Kwafi Na Ashirin Da Uku

Akwai wani mutum a wani gari, sana'arsa gyaran faifan kwamfuta. Faifan nan kuwa kamar babban ɗakin ajiya yake: akwai kayan da aka zuba a ciki, akwai kuma jerin sunaye da ke nuna inda kowane abu yake. In jerin ya lalace, kayan suna nan, amma kwamfuta ba ta san inda za ta same su ba. Irin waɗannan faifai ake kawo wa mutumin nan, shi kuwa ya zauna ya gyara jerin da hannu, layi bayan layi.

Da aiki ya yi masa yawa, sai ya rubuta wata manhaja wadda za ta riƙa duba faifai, ta gano ɓarna, ta gyara da kanta. Shekara biyu yana fama da ita. Da ya gama, ya kai wa tsohon maigidansa, wanda ya koya masa sana'ar.

Tsohon ya ce, "Ka gwada ta?"

"Na gwada, Baba. A kan faifai bakwai."

"Masu lafiya?"

"Masu lafiya."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ka kai mai lafiya asibiti, ka dawo kana yabon likita. Je ka kwafi faifai mai kyau, ka ɓata kwafin da hannunka. Ka share masa kai, ka gutsure masa ciki, ka kashe wuta yana tsakiyar rubutu. Duk muguntar da ka iya, ka yi masa, sa'an nan ka miƙa wa manhajarka. Kuma kada ka taɓa sa ta a kan faifan mutum sai ka kwafe shi tukuna."

Mutumin ya koma ya yi haka. Ya ɓata kwafi ashirin da uku, kowanne da irin ɓarnarsa. Manhajar ta gyara ashirin da biyu sumul. Amma na ashirin da uku, wanda ya kashe wa wuta ana cikin rubuta jerin sunaye, ya ba shi mamaki. Manhajar ta tarar da kayan da ba su da suna, ta ɗauka shara ce, ta shafe su ƙarƙaf, sa'an nan ta rubuta, "An gyara. Babu sauran matsala."

Sau uku yana maimaitawa, sau uku tana yin haka. Ya duba ya ga in zai gyara wannan aibi, sai ya warware aiki mai yawa. Sai ya ce a ransa, "Ni na ƙirƙiro wannan ɓarna. Wa zai taɓa kawo mini irinta?" Ya ɗauke kwafin ya ajiye a wani lungu na kwamfutarsa, ya sa masa suna "Sai an sami lokaci."

Da tsohon ya tambaye shi, ya ce, "Ashirin da biyu, Baba, duka ta gyara." Bai faɗi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba.

Shekaru suka wuce, sunansa ya kai nesa. Da yake kwafin faifai yana cin sa'o'i, bai kuma taɓa ganin ranar kwafin ba, a hankali ya daina yi.

Wata rana wata gwauruwa ta zo daga ƙauye da faifai naɗe a cikin ɗankwali. Mijinta shugaban mawaƙa ne a ikkilisiyarsu. Ya yi shekaru yana bin tsofaffi gida gida, yana ɗaukar waƙoƙin yabo na harshen ƙauyensu, yana rera su tare da su. Tsofaffin duk sun rasu. Ran nan yana shirya waƙoƙin aka ɗauke wuta, faifan ya ƙi buɗewa, kafin ya kawo gyara ciwo ya kwantar da shi, har ya rasu.

Ta ce, "Ɗana, jikokina ba su san muryarsa ba. Babu wani wurin da take sai nan. Motarmu kuma ƙarfe biyu za ta tashi."

Ya dubi agogo, ya ga kwafi ba zai ƙare kafin biyu ba. Ya ce, "Mama, zauna ki sha ruwa. Kafin ki ajiye kofin mun gama."

Ya sa manhajar a kan faifan matar kai tsaye, ba tare da ya kwafe shi ba. Layuka suka fara wucewa, sai ya ga ya san layukan nan. Ya taɓa ganinsu sau uku. Yatsansa yana kan maɓallin tsayarwa, amma ya tsaya yana tunanin abin da zai ce wa matar in ya tsayar. Kafin ya gama tunani, manhajar ta gama nata aiki.

Matar ta leƙo, ta karanta da kanta, "An gyara. Babu sauran matsala." Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah. Ta ce, "Sa mini ta farko. Za ka ji yana gyaran murya sau biyu kafin ya fara. Kullum ina yi masa faɗa a kan haka."

Ya buɗe faifan. Lafiyarsa ƙalau, tsaf kamar sabo. Babu ko waƙa ɗaya a ciki.

Da ya faɗa mata, ta ajiye kofin ruwan a hankali. Sai ta ce, "Ba laifinka ba ne, ɗana. Ai ba ka taɓa ganin irin wannan ba, ko?"

Ya sunkuyar da kai. "Na taɓa gani, Mama."

Ta karɓi faifan, ta sake naɗe shi a ɗankwali a hankali, kamar har yanzu akwai abu a ciki, ta fita neman mota.

A ranar ya buɗe lungun nan da ya ajiye kwafi na ashirin da uku. Kwana tara kawai gyaran manhajar ya ɗauke shi.

Ma'anar wannan misali ita ce: manhajar nan halinmu ce, wanda muke tunkarar mutane da shi. Kwafin da aka ɓata su ne ƙananan gwaje-gwajen da Ubangiji yake bari su same mu a lokacin da babu abin da zai salwanta. Ɗan fushi a gida, 'yar ƙarya a wurin aiki, maganar wani da ta suɓuce mana. A nan yake nuna mana inda muka gaza, domin yana ƙaunarmu.

Yawancinmu muna ƙirga ashirin da biyun da muka ci, mu zo sujada da su. Na ashirin da uku kuwa mun san shi sarai, mun san inda muka ajiye shi. Zuciya kuma ta iya rubuta "Babu sauran matsala" a kan wurin da ta share.

Ku lura, ba mai gyaran ne ya yi hasara ba. Aibin da ka ɓoye, wani ne zai biya shi, wanda ya amince da kai ya kawo maka abu guda da ya rage masa. Allah yana gafarta wa mai tuba, mutumin nan ma in ya tuba an gafarta masa. Amma jikokin matar sun girma ba su ji kakansu yana gyaran murya ba.

Saboda haka, abin da ka sa wa suna "Sai an sami lokaci," ka fito da shi gaban Ubangiji yau, tun yana kwafi.