Gyaran da Yanzu-Yanzu Ya Hana a Bayar

Akwai wani mai kamfani da ma'aikatansa suka laƙaba wa suna Yanzu-Yanzu. Mutumin nan ba ya zama, jama'a. Ko taro ake yi, yana tsaye yana kaɗa makullin mota, waya a kunne.

Kamfaninsa na yi wa kantunan magani aiki da ƙirƙirarriyar basira. Mai ciniki zai turo saƙon murya, na'ura ta saurara, ta rubuta maganin da yake so, ta tura wa kanti. Babban abokin cinikinsa wani mai jerin kantunan magani ne, kuma da wannan kwangilar kaɗai kamfanin ke numfashi.

Manhajar da aka gina aikin a kanta ba saya ya yi ba. Ta kyauta ce, 'yan sa-kai daga ko'ina suka haɗa ta, kowa na iya ɗauka ya gyara. Al'adarsu ita ce in ka gyara wani abu, ka mayar musu don kowa ya amfana.

Ƙanwar Yanzu-Yanzu ce injiniyar kamfanin. Ta lura na'urar na rikicewa in mutum ya yi magana cikin hayaniyar titi. Ta duƙufa har ta gyara, ta same shi a bakin ƙofa zai fita.

"Yaya, gyaran ya yi. Bari in tura wa masu manhajar su haɗa da tasu."

Ya juyo kamar an taka shi. "Ki tura wa wa? In biya ki albashi, abokan gogayyata su kwashi banza?"

"Ai mu ma banzar muka kwasa, Yaya."

"Su suka ce kyauta suke yi, ni ban ce ba. Ki kulle shi."

"In muka riƙe, tamu za ta yi ta bambanta da tasu. Wata rana ba za su haɗu ba."

"Wata ranar ta zo tukuna," in ji shi, ya faɗa mota.

Haka aka ci gaba. Kullum da sabon abin da yake so a ƙara, kuma kafin la'asar. Ƙanwar ta yi ta ɗora gyara kan gyara, duk a ɓoye, ranta ba ya so.

Ana nan sai 'yan sa-kan suka sanar cewa an gano wata kafa a manhajar, wadda ɓarayi za su iya bi su kwashe bayanan mutane. Suka fitar da sabuwa da aka toshe kafar, suka ce kowa ya hanzarta ya sauya. Sauran kamfanoni suka sauya suka ci gaba da harkarsu.

Ƙanwar ta ɗora sabuwar, komai ya tsaya cak. Ta cire, aiki ya dawo, amma kafar na nan a buɗe.

Mai kantunan magani ya bugo wa Yanzu-Yanzu waya. "Na ji labarin kafar nan. Kun toshe?"

"Muna kai, ranka ya daɗe!"

"Ka san abin da ke cikin saƙonnin nan? Ciwon da mutum bai faɗa wa matarsa ba. Ba zan iya jira ba."

Kai, ranar ofishin nan ya ga zirga-zirga! Yanzu-Yanzu ya je taga, ya dawo bayan kujerar ƙanwarsa, ya sake komawa taga. Hankalinsa ya tashi matuƙa, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga.

"Wai me ya hana sabuwar manhajar shiga ne?"

"Wani injiniya a wani kamfani ya gamu da matsalar hayaniyar nan bayanmu," in ji ta. "Ya gyara ta hanyarsa, ya ba masu manhajar, suka gina sabuwar a kan nasa. Namu ba shi da wurin zama a ciki. Sai mun warware duk abin da muka ɗora, kuma ba aikin mako ba ne."

"To ki roƙe su su taimaka mana!"

"Na roƙa. Sun amsa da mutunci, sun ce ba za su iya gyara abin da ba su taɓa gani ba."

Mai kantunan bai jira ba. Ya kwashe aikinsa ya kai wa kamfanin da injiniyan nan yake. Ma'aikata suka fara kallon juna, kowa na tunanin inda zai nufa.

Da ofis ya yi tsit, Yanzu-Yanzu ya matso kusa da ƙanwarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwata, tura musu gyaran nan namu. Duka. Na yafe."

Ta ɗago ta dube shi, tausayinsa ya kama ta.

"Yaya, ai babu mai bukatarsa kuma."

Darasi: In ka ci moriyar abin da jama'a suka haɗu suka gina, ka mayar da naka ƙoƙarin tun yana da amfani. Mai rowa yana zaton wasu yake hanawa, alhali kansa yake warewa, kuma ranar da ya shiga matsala shi kaɗai zai tsaya. Ku tura wa duk mai kamfani ko mai sana'ar da kuka sani, wataƙila ya gyara tun da sauran lokaci.