Hantar da Dila Ya Kawo wa Kwikwiyo

Ga ta nan, ga ta nanku, mai tsoro ya matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, ko da gabanmu zai faɗi.

Wata tsohuwa ce, sunanta Tasalla. Gidanta ne na ƙarshe a gari, daga danganta sai daji. Tana da akuya guda, ana ce mata Kyalla, mai 'ya'ya uku. Tasalla kuwa akwai rowa, ko ƙuda ya faɗa mata a koko sai ta tsotse shi kafin ta yar.

Kullum Dila na zagaya dangar yana leƙen 'ya'yan Kyalla, ita kuwa ko ciyawa ba ta iya ci da kwanciyar rai. Ran nan sai Tasalla ta dawo da ɗan kwikwiyo a cikin ƙwarya, uwarsa ta mutu, idonsa bai gama buɗewa ba. Ta ce, "Ga mai gadi na samo mana."

Kyalla ta yi murna. Ta ce, "Uwar ɗakina, a bar shi ya sha nonona tare da 'ya'yana. In ya yi ƙwari a dama masa kunu, a jiƙa masa tuwo. In ya tashi a haka, namu ne."

Tasalla ta ce, "Nonon da nake zubawa a furata zan ba kare? Ke Kyalla, ki kiyaye ni."

Ashe Dila na bayan danga yana ji. Ya san in karen nan ya girma da nonon akuya, hanyarsa ta toshe ke nan. Da hantsi sai ga shi da ƙunshi a ganye. Ya yi sallama daga nesa, ya ce, "Iya, na ji kin yi baƙo. Ga hanta, kyauta. Kare ai da nama ake rainonsa, ɗanye, da jininsa."

Tasalla na jin an ce kyauta sai ta washe baki. Kyalla ta shaƙi warin ƙunshin, sai ta gane. Hantar akuya ce. Ta ce, "Uwar ɗakina, kar ki ba shi! Naman danginmu ne."

Tasalla ta ce, "Rufe min baki."

Sai ta tura wa kwikwiyo. Ya haɗiye, ya amayar, ya wuni yana kuka, cikinsa na murɗawa. Kyalla ta lallaɓa ta kwanta kusa da shi don ya kama nono. Tasalla ta gani, ta ja ta da kunne, ta ɗaure ta a turke da sabuwar igiya.

Kashegari Dila ya sake kawowa. Kwikwiyo ya ci, bai amayar ba. Rana ta uku kuwa da kansa ya fizge daga hannun Tasalla. Ta yi shewa, ta ce, "Kai, na yi jarumi!" Kyalla ba ta yi dariya ba, don ta ga 'ya'yanta ya kalla bayan ya lashe baki.

Haka Dila ya yi ta kawowa har kwikwiyo ya zama ƙaton kare. Sai Dila ya daina kawowa.

Tasalla ta ba kare tuwo, ya shinshina ya kau da kai. Ta ba shi kunu, ya ture kwanon. Ta jiƙa masa ƙanzo, ko kallo bai yi ba. Ya je ya kwanta yana fuskantar turke, ba ya ko ƙifta ido. Kyalla ta tattara 'ya'yanta ƙarƙashin cikinta, tsoro ya hana ta tuƙa.

Ran kasuwa Tasalla ta fita. Sai kare ya tashi, ya yi miƙa, ya tako a hankali. Ya ce, "Kyalla, 'ya'yanki suna ƙamshin abincina." Ya cafke babban, ya ja shi bayan rumbu. Kyalla ba ta gani ba, amma ta ji komai. Abin da ya rage kuma Dila ya zuro kai ta danga ya janye.

Da Tasalla ta dawo, Kyalla ta gaya mata tana kuka. Tasalla ta ce, "Sharri kike masa, tun ran da ya zo kika tsane shi. Ɗanki dai ya fita yawo."

Kasuwa ta zagayo, na biyun ya tafi. Ta sake zagayowa, Kyalla ta durƙusa ta ce, "Uwar ɗakina, don Allah ki kwance ni, ko ki tafi da Auta."

Tasalla ta ce, "In kwance ki ki cinye min dawa?" Ta ja ƙyaure ta yi gaba.

Kare ya tashi. Kyalla ta ce, "Ɗana, zo ka sha nono, ga shi nan ya cika."

Ya ce, "Da nake kukan nono ba ni da haƙori. Yanzu duba bakina."

Sai Kyalla ta ja igiya iya tsawonta, ta raɓa jikin rumbu, ta ce, "Auta, hau bayana ka yi tsalle!" Auta ya hau, ya daka tsalle, sai kan jinka. Kare ya zabura, bai kai ba. Ya sake, bai kai ba. Ya sake na uku, ya faɗo. Sai ya juyo ya dubi wadda ke ɗaure.

Kyalla ta ce, "Auta, ka kalli gari. Duk abin da ka ji, kar ka duba ƙasa."

Da la'asar Tasalla ta shigo, ta mayar da ƙyaure. Ga igiya a turke, ga ƙahoni biyu a ƙasa, ga Auta a kan rumbu yana kiran uwarsa har murya ta dushe. Ta juya za ta fita, sai ta tarar kare ya kwanta a bakin ƙofa, gemunsa jawur.

Ya ce, "Sannu da dawowa, Iya. Na cinye wannan. Gobe me za ki ba ni?"

To, kun ji. Wanda zai raini kwikwiyo ya duba abin da yake sa masa a baki tun yana ƙarami, don shi zai nema in ya girma, kuma daga na kusa da shi zai fara.

Kurunkus, ta ƙare, kowa ya duba kwanon karen gidansu.